Gurbin Amal a Gidan Reno

Matar da ke zaune bayan teburin ta juya takardun sau biyu, ta cire tabarau, sannan ta dubi Zouera da jaririyarta Amal da ke barci a ƙirjinta. Cikin Faransanci mai taushi ta tambaye ta ranar da za ta koma aiki.

"Goma sha bakwai ga Fabrairu," in ji Zouera.

"Nan da mako uku ke nan. Madam, waɗanda suka sami gurbi a wannan watan sun rubuta sunansu tun cikin yana wata shida. Ke yau kika fara zuwa. Zan karɓi takardunki, amma kwamiti ba zai sake zama ba sai watan Mayu, kuma guraben da zai raba na Satumba ne. Babu wanda ya gaya miki?"

"An gaya mini."

Matar ta jira ƙarin bayani. Da ba ta samu ba, sai ta buga hatimi, ta miƙo mata jerin sunayen mata masu lasisin renon yara a gidajensu, ta yi mata fatan sa'a.

Lallai an gaya mata. Zouera ta yi karatun gwaje-gwajen asibiti a Yamai, ta ƙara shekara biyu a nan Faransa, kuma a ɗakin gwajin jinin da take aiki a Paris ita ake kira idan takarda ta rikice. Takardar neman gurbi a gidan renon yara na gwamnati ta yi wata uku a cikin jakarta. Sai dai shekara biyu da suka wuce ta yi cikin fari, ta sanar da kowa tun yana wata uku, ta sayo ƙaramin gado da riguna a kasuwar Barbès, a wata na biyar cikin ya zube. Gadon ya daɗe a kusurwar ɗaki kafin mijinta Illiassou ya kwance shi ya kai wa wani maƙwabci. A lokacin ne Inna Fatsima, ƙanwar mahaifiyarta da ke zaune a Vaulx-en-Velin kusa da Lyon, ta tuna mata a waya cewa a gidansu na Damagaram ba a sayen ko tsumma sai an ji kukan yaro.

Da wannan cikin ya zo, mijinta da likita kaɗai suka sani sai shugabarta a wurin aiki. Takardar kuwa tana neman a rubuta ranar da ake sa ran haihuwa, da ranar da ake son yaron ya fara zuwa gidan reno, da sa'o'in da zai yi kowace rana. Zouera ta san babu laifi a addini idan ta cike ta. Sau uku tana ɗaukar alƙalami, hannunta yana ƙi. Gani take tamkar za ta tsara wa kyautar da ba a ba ta ba tukuna lokacin shiga da na fita.

Kwana goma ta yi tana bin jerin sunayen. Da safe takan goya Amal, ta rufa mata bargo, ta bi unguwannin Aubervilliers, garin da suke zaune a gefen Paris, daga wannan bene zuwa wancan cikin sanyi. Mafi yawan matan sun cika har zuwa Satumba. Guda ɗaya tana da gurbi, amma ba ta buɗe ƙofa sai ƙarfe takwas, alhali Zouera tana fara karɓar jini ƙarfe bakwai, Illiassou kuma yana fita tun biyar da rabi zuwa shagon sari inda yake lodin kaya. Wani gidan reno mai zaman kansa ya ce ta kawo yarinyar ko gobe. Da aka rubuta mata kuɗin wata, ya zarce albashinta gaba ɗaya. An yi mata bayani cewa asusun tallafin iyali zai mayar mata da wani kaso, amma sai ta fara biya, kuma abin da zai rage a kanta ya kusa kuɗin hayarsu.

Akwai kuma wata mata a hawa na huɗu na benensu da ke riƙe yara ba tare da lasisi ba. Kuɗinta da sauƙi, ko da yake babu tallafin da ake bayarwa a kan irin wannan reno. Zouera ta hau ta gani. Yara bakwai ta ƙirga a falo ɗaya, talabijin yana ta ƙara, wani jariri yana kwance a kan kujera an tokare masa kwalbar madara da matashi. Ta gaisa da matar da kyau, ta sauko.

Ran nan bayan sallar magariba, Illiassou ya zauna a kan tabarma yana cin shinkafa, ita kuma tana shayar da Amal.

"To, Madam mai digiri," in ji shi, "me lissafi ya ce?"

"Baban Amal, ba na son wasa yau."

"Ba wasa nake ba. Ni da ban wuce aji uku na kwaleji ba na ce miki a cike takardar nan."

"Sau ɗaya ka faɗa. Da na yi shiru kai ma ka yi shiru."

Ya ajiye cokali ya shafa wuyansa. "Gaskiya ne. Ni ma tsoro nake ji." Ya sake ɗaukar cokalin. "Idan kika ɗauki hutun reno fa? Ai suna biya."

"Suna ba da abin da bai kai sulusin albashina ba. Kuma ka san kwantiragina na wucin gadi ne, a Yuni zai ƙare. Shugabata Madam Perrin ta ce idan na dawo a kan lokaci za ta nema mini na dindindin. Idan ban dawo ba, wadda ke riƙe da kujerata yanzu ita za a ba."

"Shekara huɗu kina jiran wannan takardar."

"Biyar."

Washegari da hantsi Inna Fatsima ta kira. Bayan an gaisa, an tambayi sanyi da jego da ƙafar mijinta Malam Moutari, sai ta shiga maganar kai tsaye, domin Illiassou ya riga ya gaya mata komai.

"Ke Zouera, ina raye za ki riƙa yawo da jinjira kina ƙwanƙwasa ƙofar mutane? Ki kawo mini ita. Ni da Malam zaune muke, ba mu da aikin da ya wuce kallon juna. Ta zauna nan har wannan Satumbar tasu. Ba na son sisinku, madara kawai za ku riƙa saya."

"Inna, Lyon fa da nisa."

"Nisan me? Awa biyu a jirgin ƙasa. Ke da aka kawo mini daga Mirriya a bayan motar gyaɗa kina shekara biyu, me ya same ki? Ga ki nan kin zama likita."

"Ba likita ba ce ni, Inna."

"Farar riga dai kike sawa."

Da yamma Illiassou ya ce shi bai ga wata hanya ba, amma maganar tana hannunta. Zouera ta yi istihara kwana biyu, ba ta ga komai ba, ba ta kuma ji zuciyarta ta karkata ko'ina ba, gajiya kawai take ji. A rana ta uku ta sayi tikiti. Ranar Asabar ta ƙarshe kafin komawarta aiki ta haɗa kayan Amal a jaka biyu, har da littafin rigakafi da gwangwanin madara da yarinyar ba ta taɓa sha ba. Illiassou ya raka su tasha, bai iya binsu ba saboda aiki. Ya riƙe ƙafar Amal ta cikin bargo har aka busa usur.

Gidan Inna Fatsima yana hawa na shida a wani dogon bene, kuma ƙamshin turaren wuta ya tarye su tun daga matakala. Inna ta karɓe yarinyar kafin Zouera ta cire takalmi.

"Kai, ga kishiyata ta iso! Malam, zo ka ga amaryarka. Dubi hanci, wannan na gidanmu ne, ba na dangin ubanta na Maraɗi ba."

Malam Moutari ya fito yana dogara sanda, ya tofa wa yarinyar addu'a a ka. "Ni na gama aure," in ji shi. "Wadda nake da ita ma ta fi ƙarfina."

An shirya komai. Inna ta aro gadon yara a wurin maƙwabciya, ta matsar da keken ɗinkinta, ta wanke labule. Ta dafa tuwon shinkafa da miyar kuka, ta dama kunun kanwa, ta tsaya a kan Zouera sai da ta shanye kwano guda. Rabon da wani ya zuba wa Zouera abinci ya ce ta zauna ta ci tun ranar suna. Bayan azahar ta kwanta a kan doguwar kujera da niyyar miƙe baya, ba ta farka ba sai bayan la'asar. Tun da ta haihu ba ta yi barci irin wannan ba.

Da ta tashi ta tarar Inna tana ƙoƙarin ba Amal kwalba. Yarinyar tana kau da kai, tana turo robar da harshe, fuskarta ta yi ja. Zouera ta miƙa hannu.

"A'a," in ji Inna. "Idan kika ba ta nono yanzu ba za ta taɓa karɓa ba. Shiga ɗaki, kada ta ji ƙamshinki. Yunwa za ta koya mata."

Zouera ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta rama sallar la'asar. Tana sujada tana jin kukan, rigarta tana jiƙewa. Ta idar, ta zauna a kan darduma tana jan carbi ba tare da ta san adadin da ta kai ba. Kukan ya ɗauki kusan rabin sa'a kafin ya ragu ya koma shessheƙa, daga nan shiru.

"Ta sha!" Inna ta ɗaga murya daga falo. "Ba na gaya miki ba? Nan da kwana uku ta manta da ke."

Da dariya ta faɗa, don ta kwantar mata da hankali.

Ranar Lahadi da safe, bayan an karya kumallo, Inna ta zauna tana yi wa Amal wanka a roba, tana miƙe mata hannuwa da ƙafafu kamar yadda ake yi a gida. Jirgin Zouera na ƙarfe huɗu ne. Ta fito da littafin rigakafi da wasu takardu ta ajiye a kan tebur.

"Inna, akwai allura ranar biyar ga wata. Kuma sai mun rubuta takarda cewa tana hannunki da yardarmu, saboda likita, da kuma masu tallafi idan sun tambaya."

"Takarda kuma? Ni da jikata? Lokacin da Yaya ta ba ni ke, wa ya rubuta takarda? Cewa kawai ta yi, ga ta nan, na ba ki har abada. Na ɗaure ki a baya na tafi."

Zouera ta gyara gefen takardun.

"Inna, da me nake kiran mahaifiyata?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Hajiya kike ce mata."

"Kowa Hajiya yake ce mata, har mai kawo ruwa. Da aka mayar da ni Mirriya hutun makaranta ina shekara bakwai, ta miƙo mini fura, na durƙusa na karɓa na ce na gode, kamar baƙuwa. Da dare na tambaye ta yaushe za a mayar da ni wurin uwata. Har ta rasu ban taɓa kwanciya a jikinta ba."

Hannun Inna ya tsaya a cikin ruwan. Ta ɗago Amal, ta naɗe ta a tawul, ta daɗe tana goge mata bayan kunne.

"Wato na cuce ki ke nan."

"Wallahi ba haka nake nufi ba. Ke kika sa ni makaranta, kika sayar da awarwaronki kika biya mini jarrabawa. Babu abin da na rasa a hannunki. Abin da nake tsoro ke nan, Inna. Ita ma ba za ta rasa komai ba."

"Wata bakwai ne kawai."

"Wata bakwai ya ninka duk abin da ta yi a duniya sau uku. A nan za ta fara zama, a nan za ta yi haƙori. Kuɗin jirgi ba zai bar ni in zo kowane mako ba, wataƙila sau ɗaya a wata. Idan na zo za ta yi mini ƙyuya, ke ce za ki riƙa cewa, je ki mana, mamarki ce."

Malam Moutari, da ke zaune kusa da taga da rediyonsa, ya rage sautin, sannan ya tashi a hankali ya shiga ɗaki.

"To aikin fa?" in ji Inna. "Shekara nawa kina wahala? Ni na goge benayen mutanen nan shekara ashirin da biyu, gwiwoyina sun gaya miki. Ban yi haka don ki zo ki zauna a ɗaki kina jiran abin da gwamnati za ta jefo miki ƙarshen wata ba. Mijinki lodin kaya yake yi, bayansa ba ƙarfe ba ne. Ran da ya kwanta fa?"

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Da kin sani da kin cike musu takardarsu tun farko."

Zouera ta ɗago kai ta dube ta. Inna ta kau da ido, ta shiga shafa wa yarinyar man kaɗanya.

"Ni na ce kada ki sayi gado," in ji ta can ƙasa. "Ban ce kada ki rubuta suna ba. Ina na san ana layin reno tun yaro yana ciki? Wace irin ƙasa ce wannan, a yi wa ɗan da bai zo ba rajista kamar mota?"

"Ba laifinki ba ne. Ni ce na kasa."

Inna ta sa wa Amal riga, ta ɗaura mata hula, ta riƙe ta tana kallon fuskarta.

"Yaya takan zo Damagaram duk ranar kasuwa," in ji ta. "Ta ce gishiri ta zo saya, kamar babu gishiri a Mirriya. Ta zauna a zaure tana kallonki kina wasa, ba ta kiran sunanki saboda ke ce ta fari, kuma ta riga ta bayar. Ni kuwa ina jin daɗi da ba ki zuwa wurinta. Allah Ya yafe mini, ina jin daɗi." Ta miƙo yarinyar. "Ungo. Ba ta nono, tun asuba take nema."

Ba a sake tayar da maganar ba. Inna ta shiga kicin ta daɗe tana buga tukwane fiye da yadda aikin yake bukata. Da lokacin tafiya ya yi, ta cusa wa Zouera ƙullin kuka da daddawa da yaji a jaka, ta ce gwangwanin madarar a bar shi, za ta ba maƙwabciyar da ta ara mata gado. Ba ta raka su tasha ba, ta ce gwiwa. A bakin ƙofa Zouera ta durƙusa ta ce ta yafe mata.

"Tashi, kada ki makara. Tikitin nan ba a mayar da kuɗinsa."

A tashar Paris Illiassou yana tsaye a ƙarshen dandamali. Ya hango jaka biyu, ya hango goyon. Ya karɓi jakunkunan bai yi tambaya ba, sai da suka zauna a cikin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa.

"Inna ta yi fushi?"

"Ta yi. Za ta huce, ina tsammani."

"To." Ya dubi taswirar tashoshi da ke saman ƙofa kamar bai san hanyar ba. "Alhaji mai shagonmu yana neman mai lodin Lahadi. Zan ce masa ni ne."

"Bayanka fa?"

"Yana nan inda yake."

Ranar Litinin Illiassou ya fita biyar da rabi kamar kullum. Zouera ta yi sallar asuba, ta zauna a bakin gado da wayar a hannu. Farar rigarta tana rataye a jikin ƙofa, tun ranar Alhamis ta goge ta. Bakwai saura kwata, lokacin da ta san shugabarta ta iso tana kunna injuna, ta kira.

Madam Perrin ta saurare ta har ƙarshe ba ta katse ta ba. Ta ce ta fahimta, ita ma ta yi renon yara biyu a garin nan. Ta ce hutun reno haƙƙinta ne, ko da yake da an sanar da ita da wuri da ya fi, kuma ta aiko da wasiƙa a rubuce yau. Sannan ta ƙara da cewa:

"Zouera, kin san kwantiraginki zai ƙare a Yuni, kuma kujerar ba za ta zauna babu kowa ba. Ba zan iya yi miki alkawarin komai ba."

"Na sani, Madam. Na gode da duk abin da kika yi mini."

"Ki kira ni a Satumba. Ban ce akwai wani abu ba, amma ki kira."

Ta ajiye wayar. A waje motocin kaya sun fara shiga layin shagunan sari, ana ta ɗaga ƙofofin ƙarfe. Akwai wasiƙar da za ta rubuta, da takardun neman kuɗin hutun reno da za ta cike, da kwafin takardar haihuwa da za ta je ta ciro kafin layi ya yi tsawo. Ta jawo jakarta ta nemo alƙalami. Ba ta gama rubuta kwanan wata ba Amal ta motsa, ta fara ƙananan kukan da take yi kafin babban. Zouera ta ce bismillah, ta ɗauke ta ta sa a nono, ta jawo takardar kusa da gwiwarta, ta ci gaba da rubutu da hannu ɗaya.